Daga Dokin Kara Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kayan Wasan Ƙananan Yara a Garin Bauchi



Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ya san wannan tambaya: me za a ba shi ya zauna ya shagala, uwarsa ta samu ta gama girki, ko wanki, ko sana'arta? A yau amsar da ta fi kusa da hannu ita ce waya. Amma tambayar ta girmi waya nesa ba kusa ba. Iyayenmu da kakanninmu a garin Bauchi sun yi fama da ita, kuma amsar da suke ba ta ta yi ta sauyawa gwargwadon yadda garin ke sauyawa. Idan muka bi sawun abin da ake miƙa wa ɗan yaye ya yi wasa da shi, za mu ga noma da sana'o'in gari, mu ga zuwan jirgin ƙasa da kuɗin mai, har mu iso zamanin da muke ciki. Za kuma mu lura da abu guda: a kowane mataki kayan wasan suna ƙara yin aiki da kansu, aikin da ya rage wa hannun yaro da tunaninsa kuwa sai raguwa yake.

Zamanin kara da yumɓu

Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin Bauchi a 1809. An kewaye garin da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10, da ƙofofin da har yau muke kiran sunayensu, irin su Wunti, Ran, Jahun, Inkil, Wase da Dumi. Mutanen cikin ganuwar manoma ne da malamai da fatake da masu sana'ar hannu: maƙera, masaƙa, dukawa, masassaƙa, magina tukwane da marina, waɗanda sunan unguwar Karofi ke tuna mana da su. A irin wannan gari babu wani mai sana'ar ƙera kayan wasa kaɗai. Abin da ya ragu daga gona da madafa da wurin sana'a shi ke komawa hannun yara.

Jariri a bayan uwarsa ko 'yar rainonsa yake wuni. Matsalar takan taso ne idan ya fara rarrafe da tatata, ta kuma yi ƙamari lokacin yaye, wajen shekara biyu, lokacin da akan kai shi gidan kakarsa don ya manta da nono. Ga yaro mai ƙiriniya, ga mata da daka da surfe da kaɗi a gabansu. Abin da akan yi shi ne a shimfiɗa masa tabarma a gefen tsakar gida, a ajiye masa ƙoƙo da ludayi da mara, ko 'yar tsohuwar ƙwarya da faifai.

Wanda bai lura da yara ba zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. Amma yaron da ke wannan shekaru babu abin da ke ɗauke masa hankali kamar cikawa da juyewa. Zai ɗebi yashi da ludayi ya zuba a ƙoƙo, ya juye, ya sake. Zai kife ƙwaryar ya buga ta ya ji ƙara, ya ɗora ta a kai ta zama hula, ya rufe ta da faifai ya buɗe ya ga ko abin da ya ɓoye yana nan. Ƙwarya ba ta gaya masa abin da zai yi da ita. Shi ke yanke shawara, shi ya sa ba ya saurin gajiya da ita.

Kayan wasan wancan zamani suna tafiya ne da lokutan shekara. Da kaka, bayan an girbe dawa da gero, kara kan cika gari. Yara kan ɓare ɓawonsa su yayyanka totuwar, su riƙa soka ɗaya cikin ɗaya har su haɗa gadon 'yar tsana ko kejin tsuntsu. Mafi sauƙi shi ne dokin kara: a sami dogon kara, a ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, yaro ya haye ya yi ta sukuwa daga bakin zaure zuwa gindin rumbu. Duk yaron da aka ɗora a kafaɗa ya ga hawan Sallah a ƙofar fada, to kwana da kwanaki zai yi yana maimaita shi a kan karansa. Da damina kuwa laka da yumɓu ke ci. A gina shanu masu tozo da ƙaho, a gina dawaki da 'yan tukwane, a shanya su a rana. Ga kuma tuwon ƙasa, inda za a kwaɓa ƙasa da ruwa, a tsinko ganye a yi miya, a rarraba wa kowa nasa.

'Yar tsana ita ce sarauniyar kayan wasan 'yan mata. Ana yin ta da kara, ko totuwar masara a bar mata gashinta, ko ƙashin ƙafar dabba, a naɗe ta da ƙyalle. Yarinyar da ba ta daɗe da sauka daga baya ba sai ka gan ta ta goya tata, tana jijjiga ta, tana yi mata faɗa da irin muryar da ta ji ana yi mata. Malamai da dama sun kafa hujjar halaccin wannan wasa da abin da ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta.

Akwai abubuwa biyu a nan da bai kamata su wuce mu ba. Na farko, masu ƙera kayan nan yayye ne. Ɗan shekara takwas ke haɗa abin kara, ya gama yayinsa ya miƙa wa ƙanensa ɗan shekara biyu, shi kuma ya yi ta juya shi har ya wargaje. Ba a jin ciwon wargajewar, ai dama ta yaro kyau take, ba ta ƙarko, kuma gobe akwai wani karan. Na biyu, yaron da ke wasa shi kaɗai a tsakar gida yana gaban idon mutane. Uwarsa na daka, kishiyarta na tankaɗe, kakarsa na kaɗi, kowa na jefa masa magana jifa-jifa. Hannunsa na kan ƙoƙo, kunnensa na shan Hausa. Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, da ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970, ta rubuta yadda yara ke riƙe da rayuwar gidajen kulle, su ne aike, su ne talla, su ne raino. Wanda ya tashi a cikin ganuwar Bauchi ya san wannan tsari ba sai an ba shi labari ba.

Zamanin gwangwani da langa-langa

Turawan Ingila sun shigo Bauchi a 1902. Sannu a hankali kayan kanti suka fara shigowa, motoci suka fara bin hanyar Jos da ta Kano. A 1961 layin dogo da aka ja daga Kuru ya iso Bauchi a kan hanyarsa ta zuwa Gombe da Maiduguri, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da ake lodawa zuwa kudu. Wannan ya kawo wa yara abubuwa biyu: sabon abin kwaikwayo da sabon kayan aiki.

Abin kwaikwayon shi ne mota da jirgi. Yaran da a da suke gina doki da saniya sai ga su suna haɗa motar kara mai ƙafa huɗu, da tabarau da rediyo na totuwa. Kayan aikin kuwa shi ne abin da manya suka yar: gwangwanin madara da na tumatir da na kifi, marfin kwalba, kwalin ashana, kwarkwaron zare daga wurin tela, da langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita. Gwangwanin kifi shi ne jikin mota, a huda shi da ƙusa, a zura tsinke, a yanko tsohon silifa a yi tayoyi, a ɗaura zare a gaba. Manyan yara na can suna gare-gare da tsohuwar taya ko bakin keke, ƙaramin kuwa yana gida yana jan motar gwangwani a bayansa, ya loda mata tsakuwa, ya kai ƙarshen tsakar gida ya sauke, ya dawo. Idan an zuba 'yan tsakuwa a gwangwani aka toshe bakinsa, an sami kacau-kacau ke nan. Kafintoci su ma suka shigo da keken katako mai ƙafa uku da yaro ke turawa yana koyon tafiya, wanda akan gada daga wa zuwa ƙane, har a ba maƙwabta aro.

Kaya sun sauya daga na gona zuwa na kanti, amma tsarin yana nan yadda yake. Yaro ke ƙerawa, yaro ke gyarawa, kuma motar ba ta motsi sai an ja ta.

Zamanin roba

Shekarar 1976 ta kawo sauyi biyu a tare. A watan Fabrairu aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, garin ya zama babban birnin jiha. A watan Satumba kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ma'aikata suka kwararo, aka gina rukunin gidaje a wajen ganuwa, aka kafa kamfanin haɗa motoci da taraktoci na Steyr, sai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1979, da jami'ar da aka buɗe a 1980 wadda daga baya aka sa mata sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Duk wannan ci gaba ne, kuma mun ci moriyarsa. Sai dai ya taɓa duniyar ɗan yaye ta inda ba a zata ba. Yayyen da ke ƙera masa abin wasa yanzu suna aji tun safe, da yamma kuma ga Islamiyya. Sabbin gidaje da gidajen haya an shafe tsakar gidansu da siminti, babu yashin ɗiba. Iyali da yawa sun koma miji da mata da 'ya'yansu kaɗai, kaka na cikin gari ko ƙauye.

A daidai wannan lokaci roba ta shigo. Masana'antun Kano da Legas suka cika kasuwanni da bokiti da kofi da kwanon roba, ƙwarya ta fara ja da baya a madafa. Kuɗin mai ya sa mahajjatan Nijeriya suka haura dubu 100 a 1977, kuma tsarabar Makka ba ta cika sai da ta yara: 'yar kyamarar da ake leƙawa a ga hotunan Ka'aba da Madina, da mota mai wani, da 'yar tsana mai rufe ido. Sallah ma ta sami nata kayan, wato tabarau da agogon roba, usur, balan-balan da bindigar ruwa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabon kaya ya yi tsada, sai na gwanjo suka samu shiga. Daga baya kayan ƙasar Sin, wadda ita ke ƙera mafi yawan kayan wasan duniya, suka mamaye teburan 'yan koli a Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa.

A nan ne aiki ya fara komawa wajen abin wasan. Motar batir ita ke tafiya, ita ke ƙara, ita ke walƙiya. Abin da ya rage wa yaro shi ne ya danna ya kalla. Kowace uwa ta san ƙarshen labarin: kwana biyu ana ɗoki, rana ta uku batir ya mutu ko taya ta fita, babu mai iya gyarawa, yaron ya koma wasa da kwalin da aka kawo ta a ciki.

Zamanin gilashi

Talabijin ta riga ta shiga gidaje, amma tana da lokacin buɗewa da rufewa, ga kuma ɗaukewar wuta. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan shekara goma da 'yan kai kuma manyan wayoyi masu intanet suka zama ruwan dare. Garin ma ya cika ya batse, domin ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Bauchi ta haura mutum dubu 490, titunan unguwa sun cika da babura, ba kowa ke sakin ɗansa ƙofar gida ba. Uwar da ke ɗaki ɗaya da falo, ga girki ga sana'a ga babu mai taya ta, idan ta miƙa wa yaro waya ba ta yi don rashin so ba. Dabara ce ta wanda aiki ya yi wa yawa.

Amma shirun da waya ke sa yaro daban yake da shagalar mai ƙoƙo da ludayi. Mai ƙoƙo hannunsa na aiki, yana gwadawa yana kuskurewa yana sakewa, yana surutu shi kaɗai, idan ya gaji ya tashi da kansa. Mai waya hoto ke gudu a gabansa, wani na ƙarewa wani na farawa, kuma da wuya a karɓe ta ba a yi kuka ba. A watan Afrilun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta a kan haka: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi.

Abin da masana na waje suka gano

Abin sha'awa shi ne masana tarbiyyar yara a ƙasashen Turai sun daɗe suna komawa ga irin abin da ke tsakar gidajenmu. Friedrich Froebel na Jamus, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan da ke nufin lambun yara, kayan da ya tsara musu ƙwallayen ulu ne da guntayen katako. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Cikin abin da take ba yara har da zuba ruwa daga wani mazubi zuwa wani, da shara, da saka maɓalli, kuma ta gargaɗi malamai kada su katse yaron da ya nutsu a kan abin da yake yi. A Ingila, Elinor Goldschmied ta yi suna da kwandon da take cikawa da tarkacen gida, irin su cokalin katako, gwangwani da ƙyalle, a ajiye gaban yaro, babba ya zauna kusa ya yi shiru yana kallo. Wannan ai shi ne tabarmar kaka da ƙoƙo da mara.

Bincike na baya-bayan nan ma ya bi wannan hanya. A Jami'ar Toledo ta Amurka an gwada yara 36 masu wata 18 zuwa 30, wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna idan kayan 4 ne yara sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Wani binciken da aka yi a Arizona da iyalai 26 ya gano cewa idan abin wasan mai batir ne mai magana, kalmomin da iyaye ke yi wa yaro suna raguwa idan aka kwatanta da lokacin da suke wasa da littafi ko guntayen katako. Binciken ƙanana ne, amma sun dace da abin da iyaye mata ke gani da idonsu.

Kowane zamani da haɗarinsa

Ba za mu ce komai na da alheri ne ba. Langa-langa da bakin gwangwani sun yanke yatsu da yawa. Ƙasar da dabbobi ke kashi a kanta na kawo tsutsar ciki. Rijiya marar murfi da murhu da kunamar cikin kara duk sun yi ɓarna. Na yanzu ma da nasu. Ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, don haka asibiti za a nufa nan take. Fenti ma abin lura ne: a 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda dalma a fentin wasu da kuma ƙananan maganaɗisu da ke fita daga wasu. Ƙa'idar dai ɗaya ce a da da yanzu. Duk abin da zai shige bakin yaro gaba ɗaya, ko mai kaifi, ko mai dogon zaren da zai naɗe wuya, ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne. Ko ruwan bokiti kada a bar shi da shi ba babba a kusa.

Abin da ya rage a hannunmu

Ganuwa ta zube, babban gida ya rarrabu, ba kuma za mu mayar da yayye daga makaranta don su ƙera motar kara ba. Amma abubuwan da suka sa wasan da yake riƙe yaro ba su fi uku ba, kuma duk suna samuwa: kaya kaɗan da za a iya juya su ta hanyoyi da yawa, wuri amintacce, da babba a kusa yana aikinsa yana jefa magana.

Ƙoƙo da ludayi da faifai har gobe ana sayar da su a kasuwanninmu, kuma ba su kai kuɗin motar batir ɗaya ba. Kafintan unguwa na da guntayen katako da zai goge ya bayar, tela na da ƙyallaye. Wanda tsakar gidansa siminti ne zai iya zuba yashi mai tsabta a babban baho ya ajiye a inuwa, ya rufe shi da dare. Idan kayan sun yi yawa a ɓoye wasu, bayan mako a sauya. Idan yaro ya nutsu a bar shi, ba sai an nuna masa yadda ake yi ba.

Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne ilimin ƙerawa. Waɗanda suka iya haɗa motar kara da gadon 'yar tsana yawancinsu yanzu sun manyanta, kuma abu ne da ba a rubuta shi a littafin makaranta ba. Da kaka kara na nan a gonakin Inkil da Tirwun da Miri. Idan kowane dattijo ko dattijuwa da ta iya ta zauna da jikokinta 'yan shekara bakwai zuwa goma rana ɗaya ta nuna musu, su ne za su ƙera wa ƙannensu kamar yadda aka saba. Makarantun rainon yara da na Islamiyya da ke unguwanninmu su ma za su iya ware kusurwa ɗaya ta yashi da ƙoƙuna.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya mana su, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka raine mu da abin da ke hannunsu.